Darasi na 14: Adaftar Batirin Mota Mai Lantarki, Ƙirarta da Cinikinta

A watan Disamba na shekarar 2010 ne kamfanin Nissan ya fara sayar da wata mota a Japan da Amurka wadda ya raɗa wa suna Leaf, mota ce da ba ta da tankin mai, ba ta da salansa, ba a kuma yi mata juye, abin da ke tafiyar da ita kurum shi ne wani ƙaton batir mai nauyin kusan kilo 300 da aka shimfiɗa a ƙarƙashin kujerunta, wanda in an cika shi da caji yakan kai ta kilomita 117 bisa ga awon hukumar kare muhalli ta Amurka. Mudun da ake auna cikin irin wannan batir da shi ana ce da shi kilowat-awa, batirin farkon nan kuwa mudu 24 yake ci. Daga baya kamfanin ya yi ta ƙara wa rumbun girma, ya fito da mai cin 30 a motar 2016, da mai cin 40 a ta 2018, da mai cin 62 a 2019, har ya zamana na ƙarshen yana kai mota kilomita 364, watau ninki uku da ɗoriya na abin da na farko ke yi. Kafin shekarar 2020 ta fita an ƙera Leaf 500,000, wasu a Oppama ta Japan, wasu a Smyrna ta Amurka, wasu a Sunderland ta Ingila.

To, ita wannan mota, a ƙirar waɗannan shekaru, tana da wata illa wadda ba ta daɗe a ɓoye ba, ita ce ba a yi wa batirinta hanyar sanyaya shi da ruwa ba kamar yadda wasu kamfanoni suka yi wa nasu, alhali kuwa babu abin da ke tsofar da batirin litiyam da wuri kamar zafi. Tun a 2012 masu Leaf a birnin Phoenix na jihar Arizona, inda rana ke ƙuna, suka soma kuka, domin a allon gaban direba akwai 'yan layuka 12 masu nuna lafiyar batir, su kuwa sai suka ga nasu suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya tun mota ba ta cika shekara biyu ba. Wanda ya san bazarar Sakkwato ko ta Maiduguri ba ya bukatar dogon sharhi a kan wannan. Saboda haka a yau akwai tsofaffin Leaf masu yawa a Nowe da Ingila, da kuma Niyu Zilan da Siri Lanka waɗanda suka riƙa shigo da na hannu daga Japan, jikinsu lafiya lau, injinsu ko gezau, amma batir ya gaji, ta yadda mai ita ba ya yarda ya yi nisa da gida.

A 2014 kamfanin ya yanke wa sabon batir farashi a Amurka, dala 5,499 bayan an karɓi tsohon, da ƙarin dala 225 na wasu 'yan kayan haɗi ga masu motar 2011 da 2012. Amma fa mai cin 24 za a cire a mayar da mai cin 24, kamfanin bai buɗe wa masu motocin farko ƙofar babban batir ba. Sai kanikawa da masu sha'awar lantarki suka lura da cewa kwandon batirin sababbin motoci bai bambanta da na tsofaffi ba ƙwarai, ga kuma sababbin da suka yi haɗari jibge a wurin masu sayar da kayan gyara, gaba ya lotse, batir kuwa bai ji komai ba. Mai cin 40 yana zama a gurbin tsohon ba tare da wata wahala ba. Mai cin 62 ne ya fi kauri, nauyinsa kuma ya haura kilo 400, don haka sai an yi masa 'yan dabaru, an kuma ƙarfafa sifirin baya.

Baki da harshe

Da aka ɗaura batir, sai matsala biyu suka tsaya a gaba, ɗaya ta baki, ɗaya ta harshe. Ta baki ita ce motar farko, wadda ake kira ZE0, fulogin wayoyinta mai gurbin haƙori 22 ne, batiran da suka zo daga baya kuwa soket ɗinsu mai gurbi 36 ne, ko da ƙarfi ba za su shiga juna ba. Ta harshe kuma ita ce ƙwaƙwalwar mota da ƙwaƙwalwar batir hira suke yi ba dare ba rana ta kan wayoyi biyu, da wani tsari mai suna CAN wanda kamfanin Bosch na Jamus ya bayyana wa duniya a 1986, sabon batir kuwa ba daidai yake magana da tsohon ba. In mota ta ji muryar da ba ta sani ba sai ta rubuta lambar laifi P3102, ta rage ƙarfinta, ta kunna hoton kunkuru a allo, ma'ana tafiyar kunkuru za a yi.

Maganin harshe wata 'yar na'ura ce da ake kira gadar CAN, wadda ke zama tsakani kamar tafinta a gaban alƙali, ta karɓi zancen batir ta juya shi yadda mota za ta fahimta. Kamfanin Muxsan na Holan da EVs Enhanced na Niyu Zilan sun yi suna a wannan fage, haka kuma wani ƙaramin gareji a Finlan mai suna Dala's EV Repair (sunan ya yi kama da na dutsenmu na Kano, amma ba su haɗa komai ba), wanda mai shi ya ɗauki umarnin da ya rubuta wa tafintan nan ya ajiye a intanet kyauta ga duk mai so. Wannan kyauta ita ta buɗe kasuwar da muke magana a kanta, gama da harshe ya samu sai kowa ya koma neman baki, watau adafta, 'yar guntuwar damin waya wadda ba ta kai kamu biyu ba, da soket mai 22 a wannan kai, da fulogi mai 36 a wancan. Mutane a garuruwa dabam-dabam suka shiga haɗa ta a ɗakunansu da dare, suna aikawa ta gidan waya ga waɗanda ba su taɓa gani ba.

Abin da ke bi ta cikinta

Wajibi ne ɗalibi ya gane cewa babbar wutar da ke tura mota ba ta bi ta adafta. Wannan wuta, mai ƙarfin kusan bolt 360, wadda ƙwayoyin batir 192 (288 a mai cin 62) suka haɗu suka tara, tana da nata manyan wayoyi masu launin ruwan lemo. Ta cikin adafta wutar bolt 12 ce kawai ke bi, irin ta batirin kowace mota, shi ya sa wanda bai yi zurfin tunani ba zai raina ta, ya ce ai aikin yara ne. Amma ku dubi abin da siraran wayoyin nan ke ɗauke da shi. Akwai waɗanda ke kai wa ƙwaƙwalwar batir wuta da waɗanda ke tashe ta in an kunna mota ko an sa caji, akwai tagwayen CAN, akwai wayar tsaro wadda ke zagayawa ta dawo don mota ta san kowane fulogi na babbar wuta yana zaune a gurbinsa, akwai kuma masu ba da umarni ga rile uku da ke cikin batir, su ne ƙofofin babbar wuta.

Waɗannan rile uku sun cancanci a tsaya a kansu. Biyu manya ne, na uku ƙarami, aikinsa shi ne ya fara sakin wuta kaɗan-kaɗan ta cikin wani abu mai rage gudunta, har kondensocin injin su cika, sa'an nan a buɗe babbar ƙofa, kamar yadda mai noman rani ke fara sakin ruwa a hankali don kada ya ɓalle kunya. In mai haɗa adafta ya musanya wayar ƙaramin da ta babba, to wuta za ta afka gaba ɗaya, tana iya narkar da bakin rile ya like, in kuwa ya like ƙofa ta zauna a buɗe ke nan, ko an kashe mota. Bakaniken da zai zo bayan wata shida ya sa hannu yana zaton babu wuta, bai san mai adafta ba, mai adafta ma bai san shi ba, amma kuskuren haƙori ɗaya ya haɗa su.

Yadda ake haɗa ta

Farkon aiki ba a kan tebur yake ba, a kan takarda yake. Sai ka nemo littafin gyara na kamfanin, na tsohuwar mota da na motar da aka ciro batir daga jikinta, ka zana jadawali mai gida uku: lambar haƙori a wannan kai, aikinsa, lambar haƙori a wancan kai. Ba dukan guraben ne ke da waya ba, da yawa fanko ne, kuma lamba ba ta bin lamba, haƙori na kaza a mai 22 ba shi ne na kaza a mai 36 ba. A nan ne tarkon da ya fi kama mutane yake. Soket fuska biyu gare shi, in ka dube shi ta gaba haƙori na ɗaya yana hagu, in ka juya shi ta inda wayoyi ke shiga sai ya koma dama, kamar rubutu a madubi. Littattafan Nissan suna sa alama a gefen kowane zane, H.S. in ta ɓangaren wayoyi ake kallo, T.S. in ta ɓangaren haƙora ne, wanda bai kula da waɗannan haruffa ba kuwa zai yi aiki mai kyan gani wanda kowace wayarsa tana gidan maƙwabciyarta. Na taɓa tsayawa a kan wani yaron gareji mai hannu ƙwarai, ya kwashe rabin yini yana jera wayoyin rediyon mota, ya naɗe su tsaf kamar kitso, da aka jona sai fis ya ce tas, aka sa wani ya sake cewa tas, shi kuwa yana rantsuwa ya bi zane. Gaskiya ya faɗa, ya bi zane, ta baya ya karanta shi. A rediyo hasarar fis biyu aka yi.

Fulogi mai 36 ana samunsa sabo a wurin masu sayar da kayan wayarin, ƙirar kamfanin Yazaki na Japan. Soket mai 22 shi ne mai wuyar samu, don haka wasu kan cire na jikin tsohon batir su yi aiki da shi, wasu kuma su buga kwankwasonsa da injin nan mai ƙera abu da narkakkiyar roba hawa-hawa. Akwai masu yanke tsohon fulogin mota gaba ɗaya su dasa sabo, wannan ya fi arha, sai dai ba a komawa baya, fa'idar adafta kuwa ita ce ba a yanka ko waya ɗaya a jikin mota.

Sai dasa haƙora. Ka fara zura 'yar robar toshe ruwa a jikin waya tun kafin ka ɓare ta, domin in ka manta sai ka yanke aikinka ka sake. Ka ɓare kamar tsawon ƙwayar shinkafa, ka duba ko reza ta tsinke sili ko ɗaya na jan ƙarfen, in ta tsinke ka yanke ka sake ɓarewa. Kowane haƙori yana da fukafukai huɗu, biyu na gaba su rungumi jan ƙarfe tsirara, biyu na baya su rungumi robar toshiyar, kuma da filayar matsi da aka yi musamman don wannan aiki ake danne su, irin wadda ba ta sakin bakinta sai ta kai ƙarshen matsi. Filayar gida tana lanƙwasa fukafukan ne kurum, ido ya ga kamar sun kama. In ka gama ka riƙe haƙori da hannu ɗaya, waya da ɗaya, ka ja da gaske: in ta zare a hannunka ka gode Allah da ba a kan titi ta zare ba. Sa'an nan ka tura haƙorin cikin gurbinsa har ka ji ɗan ƙas, ka ja shi baya kaɗan ka tabbata ya kulle, guraben da suka rage fanko kuma ka toshe kowanne da ƙwayar roba, gama wurin zaman adafta ƙarƙashin mota ne, inda ruwa da laka suke, a ƙasashen sanyi har da gishirin da ake barbaɗa wa titi don ƙanƙara.

Da yawa daga cikinmu sun saba da dalma, suna ganin haɗin da ba a like da ita ba bai cika ba. A rediyon da ke zaune a kan tebur haka ne. Amma narkakkiyar dalma tana bin silin waya ta haura, ta mayar da wuri mai laushi ya zama sanda, mota kuwa kullum cikin jijjiga take, sai wayar ta yi ta lanƙwasa a daidai inda taurin ya ƙare har wata rana ta karye a cikin robarta, inda ido ba ya gani. Don haka ne kamfanonin mota suka zaɓi matsi. Tagwayen CAN kuma a murɗe su da juna kamar igiya har zuwa bakin soket, saboda murɗin nan shi ke kare zancensu daga hayaniyar sauran wayoyi.

Adaftar da ba a gwada ba ba ta gamu ba. Ka sa mita a wurin da take ƙara in hanya ta haɗu, ka bi jadawalinka layi-layi, kowane haƙori ya amsa a inda ya kamata. Wannan rabin gwaji ne. Sauran rabin, wanda masu gaggawa ke tsallakewa, shi ne ka taɓa kowane haƙori da dukan sauran ka tabbata bai amsa a inda bai kamata ba, kana yi kana girgiza damin wayar. Wanda zai yi da yawa ya kyautu ya haɗa allon gwaji mai 'yan ƙwayayen fitila, fitila ɗaya ga kowace waya. In an ɗaura a mota kuma, aka kashe komai, aka auna tsakanin tagwayen CAN, mita ta nuna kusan om 60, domin akwai mai om 120 a kowane ƙarshen layin.

Ɗaurawa a mota ba darasin yau ba ne, amma ba zan wuce ba sai na ce wanda bai koyi aikin babbar wuta ba kada ya taɓa abu mai ruwan lemo. Masu aikin suna sa safar hannu da aka yi ta don jure bolt 1,000, su zare fulogin tsaro da ke tsakiyar daɓen mota, su jira minti 10, su auna, sa'an nan su taɓa.

Ciniki

Mai saye zai aiko ya ce motarsa ta 2013 ce, kada ka gina hukunci a kan wannan, domin shekarar rajista dabam, shekarar ƙira dabam, kuma a Turai an yi ta sayar da ƙirar farko har cikin 2013. Ka tambaye shi birkin ajiye motarsa, in ɗan maɓalli ne na lantarki a tsakanin kujeru to ta farko ce, in na takawa da ƙafa ne to ta biyu ce, ita kuwa ba ta bukatar adaftarka sam. Mafi alheri ya leƙa ƙarƙashi ya ɗauko hoton fulogin. Sayar wa mutum abin da ka san ba zai amfane shi ba, don kawai shi ya nema, ba ciniki ba ne da mutumin kirki zai yi alfahari da shi.

Wajen yanke farashi, masu sana'ar hannu sun faye lissafa kaya su manta da sauran. Mu ƙaddara, don misali kawai, kayan adafta guda sun ci yuro 35, ka sayi na guda 10, yuro 350 ke nan, ɗaya ta lalace a hannunka, saura 9, kowace ta tashi a kusan yuro 39. Ba ka sa kuɗin filaya ba, ba ka sa kwali da kuɗin aikawa ba, ba ka sa awannin da ka zauna ba, ba ka kuma sa wadda za a dawo maka da ita ba. Mafi tsadar abin da ke cikin kwalin ma ba ya hawa sikeli, shi ne jadawalin nan da gwajin da ka yi, su mai saye yake biya, gama waya da roba yana iya samunsu ko'ina.

Galibin masu wannan sana'a sai an biya suke haɗawa, malaman fiƙihu kuwa sun daɗe da shimfiɗa sharuɗɗan irin wannan ciniki a babin salam, inda ake ba da kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya: a siffanta kayan siffar da ba ta barin gardama, a kuma yanka ajali sananne. Saboda haka ka rubuta masa tsawonta, da motar da ta dace da ita, da batirin da ta dace da shi, da ranar da za ta bar hannunka. In shi ya aiko maka da soket ɗin tsohon batirinsa don ka yi aiki da shi, ka sani a mazhabar Imamu Malik mai sana'ar da ya zauna don yi wa jama'a aiki yana lamunce abin da aka damƙa masa ya tafi da shi, kamar tela da yadin mutane, in ya fashe a hannunka kai za ka biya. Bayyana aibi kuma wajibi ne, mai saye yana da haƙƙin mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. A wannan sana'a abin da ya kamata a bayyana ya wuce tsaga ko karaya. Ka faɗa masa a rubuce cewa aikin hannu ne, ba na Nissan ba, kada ka manna tambarin kamfani a kai. Ka faɗa masa ita kaɗai ba ta isa ba sai da tafinta, kuma sababbin batura suna da wani ƙarin soket na babbar wuta don na'urar ɗumama ɗaki, wanda motar farko ba ta amfani da shi, tilas a rufe shi da murfinsa. Ka tunatar da shi cewa a ƙasashe da yawa canja batir irin wannan sai an sanar da kamfanin inshora da hukumar rajistar motoci. Ka sa wa kowace adafta lamba, ka riƙe littafi mai ɗauke da lambar da ranar gwaji da wanda ya saya, don in ka gano kuskure a jadawalinka bayan ka sayar da ashirin, ka san ƙofa ashirin da za ka ƙwanƙwasa.

Wani zai ce ina ruwanmu da motar da ba mu cika ganinta a titunanmu ba? Tun da aka janye tallafin mai a Nijeriya ranar 29 ga Mayu 2023 zancen mota mai lantarki ya bar bakin 'yan boko ya shiga tasha, a Maiduguri ma Mustapha Gajibo ya riga ya shahara da mayar da ƙananan bas-bas masu shan mai zuwa masu caji. Abin da ya fi wannan kusa kuwa shi ne sola: batiran litiyam na gida da yawa da wannan harshe na CAN suke magana da inbata, kuma sau da yawa jerin haƙoran wannan kamfani ba ya dacewa da na wancan, sai an haɗa musu waya ta musamman.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya nemo soket namiji da tamata daga tsohuwar wayarin mota, masu haƙori 6 ko fiye, ya zana fuskarsu ta gaba da ta baya a littafinsa ya sa musu lamba, ya rubuta jadawalin da lambobinsa ba sa bin juna, ya haɗa adafta bisa gare shi. Ranar darasi mai zuwa kowa zai miƙa tasa ga na kusa da shi tare da jadawalin, shi zai gwada ta da mita, ya ja kowace waya da hannunsa, ya rubuta abin da ya samu ya sa hannu. Wanda ba shi da filayar matsi ya zo da wuri, akwai guda biyu a ajin.